Sai Bango Ya Tsage: Tsare Uwar Garke a Cikin Ƙurarren Lokaci

Gabatarwa

Uwar garke, wadda wasu ke kira saba, ita ce kwamfutar da ke zaune a kunne dare da rana tana amsa buƙatun sauran kwamfutoci da wayoyi ta intanet. A cikinta shafin makaranta yake, a cikinta sakamakon jarrabawar ɗalibai yake, haka ma bayanan marasa lafiya na asibiti da lissafin ƴan kasuwa. Manyan kamfanoni suna da rukunin ma'aikata waɗanda ba su da wani aiki sai tsaronta. A ƙananan ma'aikatu kuwa, sau da yawa mutum ɗaya ne ke ɗauke da ita, kuma shi ne mai gyaran na'urar buga takardu, shi ne mai jan waya, shi ake kira idan intanet ta ɗauke. Irin wannan ma'aikaci ba ya da mako guda da zai ware wa tsaro. In ya taki sa'a ne zai samu yammaci ɗaya.

Abin da aka saba ji daga bakinsa shi ne, tsaro aiki ne mai faɗi, sai an samu sarari. Sararin kuwa ba ya zuwa. Matsayin wannan maƙala shi ne, ƙarancin lokaci ba hujja ba ne na barin uwar garke a buɗe, domin da yawa daga cikin manyan ɓarnar da aka gani a shekarun baya-bayan nan sun bi ne ta ƴan kafofi sanannu, waɗanda toshe su ba ya cin kuɗi, ba ya kuma cin kwanaki. Abin da mai ƙurarren lokaci yake buƙata shi ne sanin abin da zai fara da shi da abin da zai jinkirta. Ayyuka huɗu ne a sahun gaba: ajiyar ko-ta-kwana, da sabunta manhaja, da tsare ƙofar shiga, da rufe mashigan da ba a amfani da su.

Wa Ke Neman Ƙaramar Uwar Garke?

Kafin a shiga ayyukan, ya dace a kawar da wani tunani da ke sa mutane sakaci, wato cewa ɓarawo ba zai damu da uwar garken wata ƙaramar ƙungiya ba. Wannan tunani ya ginu ne a kan zaton cewa mai kutse mutum ne da ke zaune yana zaɓar wanda zai kai wa hari. A mafi yawan lokuta manhaja ce ke yawo gida-gida tana taɓa kowace ƙofa. Adireshin intanet na tsarin IPv4 bai wuce kimanin biliyan 4.3 ba, kuma tun a shekarar 2013 masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka suka fitar da manhajar ZMap, wadda ke iya zaga su duka cikin ƙasa da minti 45 daga kwamfuta guda mai layin intanet mai ƙarfi. Saboda haka babu uwar garken da ke ɓoye. Duk wanda ya taɓa buɗe kundin shige da fice na sabuwar uwar garke ya san yadda yunƙurin shiga daga baƙin adireshi ke fara taruwa tun a ranar farko.

Mai kutse yana da amfanin da zai yi da ita ko da babu wani sirri a ciki. Zai aika saƙonnin damfara da ita, ko ya haƙi kuɗin kirifto da ƙarfinta, ko ya sa ta cikin rundunar da zai kai wa wasu hari. Manhajar Mirai ta tara rundunar na'urori, irin su kyamarorin tsaro, ta hanyar gwada sunaye da kalmomin sirri kimanin 60 kacal, waɗanda masana'anta ke sakawa masu na'urorin kuma ba su canja ba. Da wannan runduna aka afka wa kamfanin Dyn a ranar 21 ga watan Oktoba, 2016, har shafuka irin su Twitter da Netflix suka gagari jama'a da dama a Amurka.

Aiki na Farko: Ajiyar Ko-ta-kwana

Yawancin masu ba da shawara suna sa kwafin ajiya a ƙarshen jeri. Ga uwar garken da ta riga ta tara bayanai, a farko ya kamata ya zo, saboda dalilai biyu. Na ɗaya, shi kaɗai ne matakin da ke amfani bayan duk sauran sun gaza. Manhajar da ta lalace ana sake saka ta, amma bayanan shekara biyar da suka salwanta ba su da madadi. Na biyu, sauran ayyukan uku duk taɓa saitin na'ura ne, kuma mai kwafi a hannu ya fi mai hannu wofi ƙarfin zuciyar taɓawa.

Ƙa'idar da masana suka daɗe suna maimaitawa ita ce ta 3-2-1: a mallaki kwafi uku na bayanai, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Muhimmancin wuri dabam ya bayyana a ranar 10 ga watan Maris, 2021, lokacin da gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa. Abokan cinikin da kwafinsu ke cikin ginin da ya ƙone sun rasa uwa da ƴa a dare ɗaya.

Darasi na biyu ya fito ne daga kamfanin jiragen ruwa na Maersk na ƙasar Denmak. A ranar 27 ga watan Yuni, 2017, muguwar manhajar NotPetya ta ratsa kwamfutocinsa, ta shafe har da na'urorin da ke riƙe da rajistar ma'aikata da izininsu. Waɗannan na'urori suna da yawa, kowace kwafin ƴar'uwarta ce, amma da yake a haɗe suke, tare suka tafi. Guda ɗaya ta tsira a wani ofishin kamfanin da ke Afirka ta Yamma, domin wutar lantarki ta ɗauke a can kafin harin ya iso, na'urar ba ta kan layi. Da ita aka sake gina rajistar. Duk da haka sai da kamfanin ya sake saka uwar garke 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana goma, ya kuma yi asarar dala miliyan 250 zuwa 300. Abin da ɗaukewar wuta ta yi wa Maersk bisa katari, shi ya kamata mai kula da uwar garke ya yi da gangan: ya ajiye kwafi ɗaya a inda uwar garken kanta ba za ta iya kaiwa ta goge shi ba.

Sai darasi na uku, wanda aka fi mantawa. A ranar 31 ga watan Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge babban rumbun bayanai bisa kuskure. Kamfanin yana da hanyoyin ajiya har biyar, amma da aka waiwaye su, babu wadda ta amsa yadda aka zata. Wata ta daɗe da daina aiki ba tare da kowa ya lura ba. Kwafin da wani ya ɗauka da hannu awa shida kafin nan ne ya cece su. Don haka kwafin da ba a taɓa gwada maido da shi ba, zato ne kawai. Minti talatin da za a kashe a buɗe shi a wata kwamfuta, a ga fayilolin da ido, suna cikin aikin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aiki na Biyu: Sabunta Manhaja

Babu manhajar da ba ta da ɓaraka. Idan aka gano ɓaraka, masu manhajar sukan fitar da faci, wato ɗan gyaran da ke toshe ta. Sai dai fitowar facin kanta sanarwa ce ga masu kutse, domin daga nazarinsa suke gane inda ɓarakar take. Daga wannan rana tsere ya fara tsakanin mai sakawa da mai shiga.

Shekarar 2017 ta ba da misalai biyu da suka isa hujja. Kamfanin Microsoft ya fitar da facin wata ɓaraka ta Windows a ranar 14 ga watan Maris. A ranar 12 ga watan Mayu, kusan wata biyu bayan haka, manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry ta bi ta wannan ɓaraka ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150. A Ingila ta taɓa asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita da aikin tiyata kimanin 19,000. Haka kuma a farkon watan Maris ɗin aka fitar da facin manhajar Apache Struts. Kamfanin Equifax na Amurka, mai tattara bayanan bashi na jama'a, bai saka shi a wata uwar garkensa ba. Masu kutse suka shiga a tsakiyar watan Mayu, ba a farga ba sai ƙarshen watan Yuli, bayan sun kwashi bayanan mutum kimanin miliyan 147. A shekarar 2019 kamfanin ya amince ya biya har dala miliyan 700 don sasantawa. A duka biyun maganin yana nan, kyauta, makonni kafin cutar ta zo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mai ƙarancin lokaci ba zai iya bin kowace sanarwa ba, saboda haka ya kamata ya miƙa wa na'ura wannan aiki. A tsarin Debian da Ubuntu akwai manhajar unattended-upgrades, wadda ke saka facin tsaro da kanta, kuma kunna ta ba ya wuce ƴan mintoci. Abubuwa uku ne za a kiyaye. Wasu gyare-gyaren, musamman na ƙwayar tsarin, ba su fara aiki sai an sake kunna na'ura. Manhajojin da aka ɗora da hannu, kamar WordPress da ƙarin kayansa, ba su shiga wannan sabuntawa, sai an bi su dabam. Sannan tsarin da masu shi suka daina kula da shi ba ya samun faci ko kaɗan: CentOS 7 ya kai ƙarshen wa'adinsa a ranar 30 ga watan Yuni, 2024, fitowar Ubuntu mai dogon zango kuma shekara biyar take samun kulawa ta yau da kullum.

Akwai masu ja da wannan shawara, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Sukan ce sabuntawa ma tana karya na'ura, su kawo abin da ya faru a ranar 19 ga watan Yuli, 2024, lokacin da wata gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. Gaskiya ne. Amma a auna asarar biyu. Sabuntawar da ta karya na'ura tana jawo tsayawar aiki na awoyi ko kwanaki, bayanai kuma suna nan a hannun mai su. Kutse kuwa yana fitar da bayanan jama'a zuwa hannun da ba za a taɓa karɓo su ba. Babbar ma'aikata tana iya gwada kowane faci a wata na'ura kafin ta saka. Wanda ba ya da wannan hali, ya taƙaita sabuntawar kai-tsaye ga facin tsaro kaɗai, ya dogara da kwafin da ya riga ya gwada.

Aiki na Uku: Tsare Ƙofar Shiga

Ƙofar da mai kula da uwar garken Linux ke bi daga nesa ita ce SSH, wadda bisa al'ada take a mashiga ta 22. Ita ce kuma manhajojin kutse suka fi ƙwanƙwasawa, suna gwada kalmomin sirri ɗaya bayan ɗaya ba gajiya. Maganin da ya fi inganci shi ne a daina karɓar kalmar sirri a wannan ƙofa gaba ɗaya, a koma ga makulli. Makullin SSH tagwaye ne: na sarari, wanda ake ajiyewa a uwar garke, da na sirri, wanda ke zaune a kwamfutar mai shi. Lokacin shiga, uwar garke tana tabbatar da cewa mai ƙwanƙwasawa yana riƙe da na sirrin ba tare da an aiko mata da shi ba. Tsawonsa ya wuce abin da za a iya canka. Umarnin ssh-keygen ne ke ƙera shi, nau'in Ed25519 kuma ya wadatar. Shi ma na sirrin a kulle shi da jimlar sirri, saboda ranar da kwamfutar hannu za ta ɓata.

Bayan haka sai a gyara layi biyu a fayil ɗin saitin SSH: a mayar da PasswordAuthentication zuwa no, haka ma PermitRootLogin. Na biyun yana hana shiga kai-tsaye da asusun root, wato asusun da ke da iko a kan komai, wanda kowane mai kutse ya san sunansa. Kowane ma'aikaci ya samu asusunsa na kansa, ya nemi babban iko ta hanyar sudo a lokacin da aiki ya buƙata kaɗai. Ta haka kundin na'ura zai nuna wanda ya yi abu da lokacin da ya yi shi. Gargaɗi ɗaya a nan: kada a rufe zaman da ake ciki sai an buɗe wani sabo an tabbatar makullin yana aiki, don kada mai gida ya kulle kansa a waje.

Tsofaffin asusu su ne ƙofar baya. A watan Mayun 2021 kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun man da ya tashi daga Teksas zuwa gabar gabashin Amurka, ya tsayar da aiki na kwanaki, gidajen mai suka cika da layi. Shugaban kamfanin na wancan lokaci, Joseph Blount, ya shaida wa majalisar dattawan ƙasar cewa masu harin sun shiga ne ta wani tsohon asusun shiga daga nesa, wanda kalmar sirri kaɗai ke tsare da shi. Kamfanin ya biya fansar kimanin dala miliyan 4.4. Minti goma sun isa a duba jerin asusu a soke na waɗanda suka bar aiki. Sannan a kunna tantancewa mai mataki biyu a duk inda ta samu, musamman a shafin kamfanin da aka yi hayar uwar garken daga gare shi, domin wanda ya mallaki wannan shafi ya mallaki na'urar da duk makullanta.

Wasu sukan mayar da SSH daga mashiga ta 22 zuwa wata lamba su ɗauka sun gama. Wannan yana rage hayaniya a kundi, amma mai zaga mashigai zai gano sabuwar lambar. Manhajar fail2ban, mai korar adireshin da ya yawaita kuskure, ita ma taimako ce. Dukansu biyu ƙari ne a kan makulli, ba su maye gurbinsa.

Aiki na Huɗu: Rufe Mashigan da Ba a Amfani da Su

Lambobin mashigai a kwamfuta sun kai 65,535, kuma duk manhajar da ke sauraro a bayan ɗaya daga cikinsu ƙofa ce. Uwar garken da ke ɗauke da shafin intanet ba ta buƙatar fiye da uku a buɗe ga duniya: 80 da 443 don maziyarta, da ta SSH don mai kula. Ƙa'idar katangar tsaro ita ce a hana kowa, sannan a buɗe wa wanda aka sani. Da manhajar ufw ana yin wannan da umarni huɗu ko biyar, muddin an tuna a buɗe ta SSH kafin a tayar da katangar. Umarnin ss yana nuna duk manhajar da ke sauraro, wadda ba a san amfaninta ba kuwa a bincika, in ba a buƙatarta a cire ta.

Rumbun bayanai ne ya fi cancantar kulawa a nan. A watan Janairun 2017 an kwashe dubun-dubatar rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe a mashiga ta 27017 ba tare da kalmar sirri ba, aka bar wa masu su takardar neman fansa. Babu wata gwaninta a wannan sata, ƙofa aka tarar a buɗe. Rumbun da shafin da ke kan na'ura ɗaya kaɗai ke amfani da shi, a saita shi ya saurari cikin gida kawai. Masu amfani da Docker kuma su sani cewa mashigar da suka wallafa ta cikinsa tana iya tsallake dokokin ufw. Don haka bayan an gama, a gwada daga wata kwamfuta ta waje, domin abin da baƙo ke gani shi ne gaskiyar katanga.

Abin da Za a Jinkirta

Akwai kundayen ƙa'idojin tsaro masu ɗaruruwan shafuka, akwai kuma manhajoji masu tsada na gano kutse. Suna da amfani a muhallinsu. Illarsu ga mai yammaci ɗaya ita ce, tsawonsu yana karya masa gwiwa ya ƙi farawa, ko kuma ya saka na'urar da ke aiko da gargaɗi ɗari a rana ba mai karantawa. Equifax ba ta rasa kayan aiki ba. Tana da na'urar duba zirga-zirgar bayanai, amma takardar shaidarta ta lantarki ta ƙare watanni da dama ba a sabunta ba, sai da aka sabunta ta aka hango ɓarayin. Kayan da ba mai kula da su ado ne.

Ya kamata a faɗi iyakar waɗannan ayyuka huɗu. Ba za su tare ɓarakar da ba a riga an gano ba, ba kuma za su hana ƙwararrun da wata gwamnati ke ɗaukar nauyi ba idan suka nufi wuri da gaske. Abin da suke yi shi ne fitar da uwar garke daga sahun ganima mai sauƙi, su kuma tabbatar da cewa in ɓarna ta auku akwai inda za a koma.

Kammalawa

Nauyin wannan al'amari ba a wuyan ma'aikacin kwamfuta kaɗai yake ba. Shugaban makaranta ko asibiti ko kamfani da ya tara bayanan jama'a amana ya karɓa, mutanen da sunayensu ke ciki kuwa ba su da ta cewa a kan yadda ake tsare su. Ba sai ya san umarnin Linux ba kafin ya yi tambayoyi huɗu: yaushe aka gwada maido da kwafi, yaushe aka saka faci na ƙarshe, su wa ke da makulli, kuma waɗanne mashigai ne a buɗe? Idan amsar ba ta fito ba, sai ya sauke wa ma'aikacin sauran hidimomi na yini ɗaya, ya kuma ware masa awa guda a kowane wata don sake dubawa, a rubuta abin da aka yi a takarda saboda wanda zai gaje shi. Maersk da Equifax da Colonial Pipeline sun biya kuɗin darasinsu da miliyoyin daloli, kuma suna da abin biya. Ƙaramar ma'aikata ba ta da shi. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa.